Ku Tambaya Mu Amsa: Wai wane ne Tipu Sultan da aka sayi takobinsa fam miliyan 14?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan karon kusan duk saƙonnin da suka shigo kan mutum ɗaya suke, tun da muka ɗan ambaci sunansa a fitowar da ta wuce wajen maganar yadda Turawa ke gwanjon kayan sarakunan da suka ci da yaƙi. Sai na ga gara in haɗa su wuri guda mu yi ta ta ƙare. Masu tambayar aure da gado ku yi haƙuri, naku na nan a ajiye.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na ga wani bidiyo a TikTok wai an sayar da takobin wani sarkin Indiya musulmi a Landan kuɗi masu ban tsoro, shine nake so ka faɗa mana wane ne shi, kuma me ya yi da har takobinsa ya kai haka. Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

AMSA: Alhaji ba ƙarya aka yi maka ba. A watan Mayu na 2023 gidan gwanjo na Bonhams a Landan ya sayar da takobin kan fam miliyan 14, kai da kake ɗan kasuwa sai ka buga a naira ka gani, ni dai na buga kwakuleta ta cika. Mai takobin shine Tipu Sultan, sarkin ƙasar Maisur a kudancin Indiya, inda yanzu ake kira jihar Karnataka, wadda Bangalor ne babban birninta. An haife shi wajen 1750 a wani gari Devanahalli kusa da Bangalor ɗin, kenan tsaran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne wanda aka haifa 1754, zamaninsu ɗaya sai dai kowa da nahiyarsa. Ya yi mulki daga ƙarshen 1782 zuwa 1799.

Shi fa ba ɗan asalin gidan sarauta ba ne. Sarautar Maisur ta wani gidan Hindu ce da ake kira Wodeyar. Babansa Haidar Ali soja ne kawai wanda ko karatu bai iya ba, amma Allah ya ba shi kai da zuciya, ya yi ta hawa har ya zama shi ke juya ƙasar tun wajen 1761, sarki na zaune a fada yana shan inuwa, iko na hannun Haidar. To shi da bai yi karatu ba sai ya rama a kan ɗansa, ya sa aka koya wa Tipu Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci da Farisanci, ga hawan doki ga harbi, kuma tun yana ɗan shekara sha biyar yake bin uban fagen fama.

Wanda suke yaƙa kuma ba gwamnatin Ingila ba ce kai tsaye, wannan shine abin da mutane da yawa ba su gane ba. Kamfani ne. Kamfanin Gabashin Indiya, wanda sarauniyar Ingila ta ba wa lasisi tun 1600 ya je ya sayo kayan yaji da yadi. Daga neman wurin ajiye kaya sai gina ganuwa, daga ganuwa sai ɗaukar soja, har a 1757 suka ci sarkin Bengal a yaƙin Plassey, a 1765 kuma suka karɓi ikon tara harajin yankin gaba ɗaya. Ka ga ɗan tireda ya zama mai gari kenan. Idan wannan ya tuna maka da kamfanin da ya riƙe bakin kogin Kwara kafin zuwan Gwamna Lugga, to ba ka yi kuskure ba, salon ɗaya ne.

Sau huɗu Maisur tana gwabzawa da Kamfani. Na farko 1767 zuwa 1769, Haidar ya kora su har bakin ƙofar Madaras, cibiyar Kamfani a kudancin Indiya, dole suka zauna aka yi sulhu da alƙawarin duk wanda aka kai wa hari ɗayan zai taimaka masa. Da Marata, wata babbar daular Hindu da ke arewa da Maisur, suka faɗa wa Haidar a 1771 ya nemi taimakon, Turawa suka yi kunnen uwar shegu, kuma daga nan uban da ɗan ba su ƙara yarda da takardar Bature ba. Na biyu 1780 zuwa 1784, a cikinsa ne aka yi karon Pollilur a Satumbar 1780 inda aka murƙushe rundunar Kanar Baillie aka kame shi da hafsoshinsa, kaye ne da Turawan Ingila suka daɗe ba su ga irinsa a Indiya ba. Ana cikin wannan yaƙi Haidar ya rasu a Disambar 1782, Tipu ya ɗauka daga inda ya tsaya har aka yi sulhun Mangalor a 1784, kowa ya mayar da abin da ya ƙwace. Sauran biyun zan zo kansu a ƙasa don akwai wanda ya tambaya.

Laƙabinsa Damisar Maisur. Amma ba irin damisarmu mai roɗi-roɗi ba, tasu babba ce mai ratsi-ratsi, kuma mutumin ya sa ta a komai nasa, rigunan sojansa, bakin igwa, ƙotar takobi, har gadon sarautarsa kawunan damisa ne na zinariya.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibin tarihi ne, a aji an ce mana ya yi gyare-gyare a mulki amma malamin bai faɗaɗa ba. Wane irin gyara ya yi, ko dai yaƙi kawai ya iya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ɗana ai ni a wurina wannan ɓangaren ya fi yaƙin daɗin ji. Sarakuna da yawa a Indiya sun yi faɗa da Bature, jarumta ba ta yi musu ƙaranci ba. Abin da ya raba Tipu da su shine ya gane cewa ƙarfin Kamfani ba a bakin bindiga ya fara ba, a cikin littafin ciniki ya fara. Kuɗin masoro da yadi su ke biyan soja, soja ya ci ƙasa, harajin ƙasar ya sayi ƙarin masoro. Sai ya ce to bari shi ma gwamnatinsa ta zama kamfani.

Ya sa hannun hukuma kan manyan kayan da Turawa ke kwaɗayi, musamman itacen sandal da masoro, ya hana a sayar wa 'yan Ingila, ya buɗe rumfunan ciniki na gwamnati a cikin ƙasa da waje, wadda ta fi suna ita ce ta Maskat a ƙasar Oman, akwai kuma a Kutch. Wakilansa su kai shinkafa da sandal da kayan yaji, su sayo abin da ƙasar ke buƙata. Har ya buɗe wa talakawa ƙofa su zuba kuɗi a kasuwancin gwamnati a ba su riba, kuma tsarin ya fi ba mai ƙaramin jari kaso mai tsoka kan mai babba. Ka duba fa, wannan a ƙarni na 18 ne.

Sai siliki. Yau in ka ce silikin Maisur a Indiya kowa ya san shi, jihar Karnataka ce kan gaba wajen samar da shi, kuma tushen abin daga Tipu ne, shi ya aika aka nemo tsutsar da masu iya kiwonta, ya sa aka dasa icen da take cin ganyensa. Mu da muka san rigar tsamiya ba sai an yi mana dogon bayani ba cewa zare na fita daga tsutsa, bambancin dai tamu a daji ake tsinto ta, tasu kiwonta ake kamar kaji. Lambun Lalbagh na Bangalor da babansa ya fara shi ma ya faɗaɗa shi da irin itatuwa daga ƙasashe daban daban, har gobe yana nan ana shiga.

Wajen ƙasa da haraji nan ne ya taka sawun manya. Kafin shi akwai ƙananan sarakuna da masu riƙe da gandaye na gado waɗanda su ke karɓar haraji wajen manomi, su ci rabonsu su miƙa saura. Tipu ya rage musu ƙarfi sosai, da yawa ya ƙwace gandayen, ya sa ma'aikata masu albashi su karɓa kai tsaye. Wanda ya share saurar da ba a nomawa a yi masa sassauci shekarun farko, manomin da ba shi da hali a ba shi rancen iri da shanun huɗa. Kar dai ka ɗauka harajin ya yi sauƙi, bai yi ba, mutumin da ke ciyar da runduna irin tasa ba zai yi wa manomi arha ba, kuma bayan 1792 da tara ta hau kansa sai ya ƙara matsawa. Kuma su waɗannan manyan da aka cire wa nama daga baki ba su manta ba, ka riƙe wannan.

Ya hana sayar da giya duk da kuɗin shigar da hukuma ke samu daga ita. Ya buga kuɗinsa na kansa ba tare da sunan sarkin Mughal na Delhi ba, wanda a lokacin kamar ka ce na ɓalle ne, ya kuma raɗa wa sulallan suna, na zinariya akwai Ahmadi da Siddiƙi da Faruƙi, na azurfa akwai Haidari da Imami, na tagulla kuma hoton giwa ne a jiki. Ƙasar ma ya kira ta Sarkar Khudadad, wato mulkin da Allah ya bayar. Har kalanda ya canza, ya fito da wadda ake kira Mauludi, tana ƙirga daga haihuwar Annabi (SAW) maimakon Hijira kuma tana tafiya da damina, dalilin da masana ke bayarwa shine shekarar wata tana zagayawa, sai lokacin karɓar haraji ya zo amfanin gona bai nuna ba. Gaskiya wani abin kam har da son a ce shi ya fara, don mutumin ya canza sunayen watanni da na garuruwa da ma'aunai har ma'aikatansa na rikicewa. Daga baya ya so gina rundunar jiragen ruwa ta gaske, ya kafa mata hukuma a 1796, amma lokaci bai ba shi dama ba.

TAMBAYA: Wai da gaske ne shi ya ƙirƙiro roka? Wani abokina ya ce har Amurka daga wurinsa ta koya, ni kuma na ce ƙarya ne. Ka raba mana gardama. Daga Damagaram.

AMSA: Ku duka biyun kowa ya ci rabi. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba, mutanen Sin sun daɗe suna cusa albarushi a gora ko takarda su kunna ta tashi, a Indiya ma ana amfani da ita kafin shi. Abin da Haidar da Tipu suka yi shine suka mayar da kwanson na ƙarfe. Bututun ƙarfe yana jure matsin wuta fiye da takarda, don haka sai ta fi nisa, tana iya kai wajen kilomita biyu. Sai a ɗaure bututun a jikin doguwar gora, wani lokacin a jikin ruwan takobi, in ta faɗa cikin dawaki tana wutsil-wutsil tana yanka ai ka san sauran labarin. Ba ta da saiti sosai, amma in aka sako ɗaruruwa lokaci guda ba saiti ake nema ba. Kuma ya ware mata dakaru na musamman a cikin rundunarsa.

Da birninsa ya faɗi a 1799 Turawa sun tarar da rokoki jibge, suka aika da wasu Ingila, a ma'aikatar makamai ta Woolwich wani William Congreve ya zauna a kan fasahar ya fito da tasa. Da ita Ingila ta yi wa Copenhagen ruwan wuta a 1807, da ita kuma ta harbi sansanin Amurka a Baltimore a 1814. To ka ga Amurka ta san rokar, amma a jikinta ta fara saninta. Ka ce wa abokinka ya sayi shayi, kai ka sayi burodi.

TAMBAYA: Malam abin da ke ɗaure min kai, a lokacin ai akwai Daular Usmaniyya da ƙarfinta. Me ya hana Halifa ya taimaki ɗan'uwansa musulmi? Daga wata malamar Islamiyya a zangon Kumasi.

AMSA: Malama ya nema, ba bai nema ba. Wajen 1785 ya tashi babbar tawaga zuwa Santambul wurin Sultan Abdulhamid na ɗaya, da kyaututtuka, yana neman abu uku, a amince da shi a matsayin sarki mai cin gashin kansa, a yi ƙawancen soja, a buɗe hanyar ciniki ta Basra. Na farkon ya samu. Sauran kuwa sai addu'a da fatan alheri, domin Usmaniyya a lokacin Rasha ta sa ta a gaba, yaƙi ya ɓarke tsakaninsu a 1787, ba ta da sojan da za ta tura Indiya kuma ba ta son ɓata wa Ingila rai.

Ya aika wata tawagar Faransa, sarki Louis na 16 ya karɓe su a fadar Versailles a Agustan 1788, aka yi musu tarba ta gani ta faɗa. Suka dawo da 'yan masu sana'a, amma soja babu, kuma shekara ɗaya bayan nan juyin juya hali ya tashi a Faransa, shi kansa sarkin daga baya kansa aka sare. Dama Faransawan sun taɓa barinsa a rana, a 1783 yana tsakiyar kewaye Mangalor labari ya zo cewa Faransa da Ingila sun sasanta a Turai, sojan Faransa da ke tare da shi suka janye hannu. Ya kuma rubuta wa Zaman Shah na Afganistan.

Abin da ya fi ciwo ya zo a 1798. Nafoliyon, janar ɗin Faransa, ya shiga Masar, wadda ƙasar Usmaniyya ce, ya rubuto wa Tipu wasiƙa cewa yana tafe, wasiƙar ma ba ta isa ba Turawan Ingila suka cafke ta a hanya. To yanzu Faransa ta zama abokiyar gabar Halifa, Ingila ta zama ƙawarsa. Sai ga wasiƙa daga Sultan Salim na uku zuwa ga Tipu tana ja masa kunne ya rabu da Faransawa ya daidaita da 'yan Ingila, kuma ta hannun 'yan Ingilan aka kawo masa ita. Malama siyasar duniya kenan tun ran gini tun ran zane.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, yaya aka yi suka ci shi duk da wannan shiri? Na ji an ce wazirinsa ne ya sayar da shi. Kuma ni sai nake ganin labarinsa kamar na Sarkin Musulmi Attahiru. Daga wani tsohon malamin makaranta a Gombe.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma. Maganar waziri tana nan, sunansa Mir Sadiƙ, kuma har yau a Indiya da Pakistan in aka kira mutum da wannan suna to an zage shi. Abin da ake faɗa shine ya janye sojoji daga inda ganuwa ta tsage da sunan za a biya su albashi, daidai lokacin da Turawa za su afko. Masana tarihi suna gardama kan ko hakan ta faru yadda ake ba da labari, shi dai an kashe shi a ranar. Amma ni a ganina ko da babu Mir Sadiƙ birnin zai faɗi, domin an riga an karya ƙashin bayan Tipu shekara bakwai kafin nan.

A ƙarshen 1789 ya kai wa maƙwabciyarsa masarautar Travancore hari, ita kuma ƙawar Kamfani ce. Babban Gwamna a lokacin shine Lord Cornwallis, mutumin nan da ya miƙa wuya ga George Washington a Yorktown a 1781, ya zo Indiya yana neman inda zai wanke sunansa. Bai tunkari Tipu shi kaɗai ba, sai da ya jawo manyan maƙwabta biyu, Marata da Nizam, wato sarkin Haidarabad, kuma shi Nizam musulmi ne. Da ɗan gari akan ci gari. Suka taru suka kewaye babban birninsa Sirangapatam, wanda tsibiri ne a tsakiyar kogin Kaveri, a 1792 dole ya sa hannu. Rabin ƙasarsa ta tafi aka raba uku, aka ɗora masa tarar rufi (kuɗin Indiya) miliyan 33, sannan aka karɓi 'ya'yansa biyu ƙanana, Abdul Khaliƙ da Mu'izuddin, a matsayin jingina har sai ya biya. Ya biya, aka dawo masa da su a 1794. Turawa sun yi ta zana hoton ranar karɓar yaran suna nuna Cornwallis kamar wani uba mai tausayi, kai ka ce ba garkuwa ya yi da 'ya'yan mutane ba.

A 1798 aka kawo sabon Babban Gwamna, Richard Wellesley, wanda ya zo da tsarin da ya cinye Indiya ba tare da harbi da yawa ba. Sarki zai ci gaba da zama a gadonsa, amma zai karɓi sojan Kamfani a ƙasarsa kuma shi zai biya su, zai karɓi Razdan a fadarsa, ba zai yi hulɗa da wata ƙasa ba sai da izini. Nizam ne ya fara sa hannu a 1798. Tipu bai yarda da irin wannan zama ba. Sai kuma gwamnan Faransa na tsibirin Morishus ya yi wautar buga sanarwa a fili cewa Tipu na neman 'yan sa kai don korar Ingila, mutanen da suka zo ma ba su taka kara sun karya ba, amma Wellesley ya samu hujjar da yake nema.

Ranar 4 ga Mayu 1799 da tsakar rana, bayan igwa ta fasa ganuwa, suka tsallaka kogin lokacin ruwa ya ja baya. Wanda ya jagoranci afkawar Janar David Baird ne, wanda ya taɓa shafe fiye da shekara uku a kurkukun wannan birni bayan Pollilur, ka ga da abinsa a rai ya zo. Tipu bai gudu ba. Ya fita ya yi ta harbi tare da sojansa, sai da yamma aka tono gawarsa daga cikin tarin gawarwaki kusa da wata ƙofa ta bakin ruwa. Washegari aka binne shi kusa da babansa. Ana danganta masa maganar cewa gara kwana ɗaya a damisa da shekara ɗari a tunkiya. Cikin hafsoshin da ke wurin akwai ƙanen Babban Gwamna, Arthur Wellesley, wanda daga baya ya kayar da Nafoliyon a Waterloo a 1815.

Su kuma maƙwabtan, Marata ba su shiga na 1799 ba amma ba su kawo ɗauki ba, a 1803 aka juyo kansu, zuwa 1818 an gama da su. Nizam kuwa gidansa ya ci gaba da sarauta a ƙarƙashin Bature har 1947 cikin dukiya mai yawa, don haka in wani ya ce maka Nizam ne ya yi dabara, yana da abin faɗa, sai dai a tambaye shi wace irin sarauta ce.

Batun Attahiru kuwa Baba ka fi ni sani tunda Burmi a ƙasarku take. Lallai labarinsu ya yi kama, dukansu sun ƙi zama a ƙarƙashin Razdan kuma dukansu a fagen fama suka cika, shi Attahiru a Yulin 1903. Kuma akwai zare na gaske da ya haɗa su, Lugga kansa a Madaras aka haife shi a 1858 kuma ya yi aikin soja a Indiya, mulkin bayan fage da ya shimfiɗa mana an daɗe ana gwada irinsa a can. Bambancin shine Attahiru hijira ya yi niyya aka bi shi aka tare, kuma takobi da mashi ne suka fuskanci bindiga mai ruwa. Tipu shi yana da masana'antar igwa da bindiga tasa, makamansa ba su yi nisa da na abokan gabarsa ba. Shi abin da ya rasa maƙwabci ne.

TAMBAYA: Malam ni ina karatu a Bangalor. Na taɓa yabon Tipu a gaban wani ɗan ajinmu sai ya ɓata rai ya ce azzalumi ne da ya tilasta wa kakanninsa shiga musulunci. Gaskiya ne ko ƙiyayya ce kawai? Daga wani ɗalibi ɗan Katsina.

AMSA: Ɗana ranar wanka ba a ɓoye cibi. Akwai gaskiya a maganarsa, kuma in ɗan yankin Kodagu ne ko Malabar ko Mangalor to ba a littafi ya karanta ba, a gida ya ji. A 1784 Tipu ya sa aka kwashe Kiristocin Katolika na Mangalor dubbai aka kai su Sirangapatam bisa zargin sun taimaki Ingila, da yawa sun mutu a hanya da tsare, wasu aka musuluntar da su da ƙarfi, sai bayan mutuwarsa waɗanda suka rage suka koma. Mutanen Kodagu da suka yi ta yi masa tawaye su ma haka, da Nayar, wasu Hindu na yankin Malabar. Adadin ana jayayya a kai, kuma Turawan da suka fara rubuta tarihinsa suna da dalilin ƙara gishiri don su halatta abin da suka yi, amma ainihin abin ya faru, wasiƙunsa da kansa sun ambaci wasu. Mu musulmi mun san babu tilas a addini, don haka ba abin da za mu tsaya karewa ba ne.

Ɗaya gefen kuma shi ma gaskiya ne. Yawancin talakawansa Hindu ne, babban mai riƙe masa da baitulmali Purnaiah Hindu ne, babban ɗakin bautar Ranganatha yana nan dab da fadarsa bai taɓa shi ba kuma har yau yana tsaye. A 1791 mahayan Marata, waɗanda su Hindu ne, suka washe cibiyar addinin Hindu ta Sringeri, shugaban wurin Tipu ya kai wa kuka, shi kuma ya aika da kuɗi da kaya aka gyara, wasiƙun suna nan an adana. Abin da ni na fahimta shine wanda ya yi masa biyayya ya zauna lafiya ko me yake bauta wa, wanda ya yi tawaye ko ya haɗa kai da Kamfani kuwa ya gamu da hukunci marar tausayi wanda ya sa wa rigar addini. Kuma wannan zafin hannun ya ci shi, domin mutanen Kodagu da sarakunan Malabar da ya ƙuntata su ne suka buɗe wa Turawa hanya a yaƙin 1790.

Ka kuma sani kana zaune ne a inda maganar ta zama siyasa. Gwamnatin jam'iyyar Congress a Karnataka ta fara bikin tunawa da shi a 2015, aka yi rikici har da rasa rai, gwamnatin BJP ta soke bikin a 2019, a 2022 ma jirgin ƙasan da ke ɗauke da sunansa tsakanin Bangalor da Maisur aka canza masa suna zuwa Wodeyar. Kai baƙo ne, karatu ya kai ka. In kana da hutun ƙarshen mako dai ka hau mota ka je Sirangapatam, ba nisa, ka ga fadarsa ta Daria Daulat da zanen yaƙin Pollilur a bango.

TAMBAYA: Ina zuriyarsa da sauran kayansa suke yanzu? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa bayan an kashe shi Turawa sun ɗauko wani yaro ɗan shekara biyar daga tsohon gidan Wodeyar suka ɗora a gado, Purnaiah ɗin nan ya zama wazirinsa. Iyalan Tipu aka kai su ganuwar Vellore aka tsare. A 1806 sojojin Indiya na Kamfani suka yi bore a wurin har suka ɗaga tutar Tipu, da aka murƙushe boren sai aka kwashe 'ya'yan zuwa Kalkata can nesa, kuma har yanzu akwai jikokinsa a birnin, akwai ma masallaci mai sunansa da ɗansa Ghulam Muhammad ya gina.

Kaya kuwa an yi wasoso. Gadon zinariyar farfasa shi aka yi aka raba, wani ɓangare yana cikin kayan gidan sarautar Ingila. Littattafansa kusan 2,000 aka kwashe, har da wani ɗan kundi da yake rubuta mafarkansa da hannunsa. In Allah ya kai ki Landan ki shiga gidan tarihi na Victoria da Albert, akwai wata damisar katako da aka sassaƙa masa ta danne sojan Bature, in aka juya hannun da ke gefenta sai sojan ya riƙa ɗaga hannu yana kururuwa ita kuma tana gurnani. Yanzu a cikin gilas take, ba sa barin kowa ya juya.